Kujerar da Kawu Soso Bai Gyara Ba

Kujeru goma sha biyu ne a ɗakin, an jera su sun yi da'ira. Ranar farko da na kai Kawu sai da na ƙirga su kafin in gaishe da kowa, don sana'ata ke nan. Hayar kujerun roba nake bayarwa, in za a yi taro in kai, in an watse in kwaso, kuma duk wanda ya taɓa rasa kujera uku a taro ɗaya ba ya sake shiga wuri bai ƙirga ba. Waɗannan ba na roba ba ne. Tsofaffin kujerun kushin ne masu hannun katako, kuma babu mai lafiya ko ɗaya a cikinsu. Wata soso ya leƙo ta gefenta, wata ta lotsa a tsakiya, wata in ka zauna sai ta yi ƙara kamar an taka kyanwa.

Kawu bai dubi likita ba, bai dubi mutanen da ke zaune ba. Kujerun ya duba. Na ga yatsunsa suna motsi a gefen rigarsa.

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma duk layinmu Kawu Soso ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Tun yana saurayi yake aikin kujeru. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, tagar ma soso ya toshe ta, an jibge shi har rufi. In ka kawo masa kujerar da kakarka ta bari, zai kifa ta, ya bugi gindinta da tafin hannu, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Wannan ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi." Ina ƙarama a shagon nake wuni, ina ƙirga masa ƙusoshi ina zubawa a gwangwanin madara. Shi ya sa mini Uwar Lissafi, sunan ya bi ni har yau. Sau ɗaya ya taɓa dukana a duniya, ranar da ya kama ni ina ɓamɓare murfi da bakin almakashinsa. Ya ce almakashi na yanka ne, wanda ya ɓamɓari abu da shi ba mai sana'a ba ne.

Tsohon da ya koya masa aiki da zare da lanƙwasasshiyar allura yake haɗa soso da kujera. Daga baya gam ya yawaita, kowa ya koma kansa saboda sauri. Ana shafa shi a jikin soso, a shafa a katako, a jira ya sha iska, sannan a haɗa. Jiran nan ne ya ci Kawu. Mutum yana tsaye a kan buɗaɗɗen gwangwani, a ɗakin da babu iska, shekara da shekaru. Da farko ciwon kai yake sa masa. Daga baya ranar da bai buɗe gwangwani ba ita ce ranar ciwon kan. Daga nan ya fara buɗewa ko babu aiki, ya tsoma tsumma ya cusa a aljihun gaba. Mu muna cewa warin sana'a ne. Matarsa ce ta fara cewa wannan ya wuce sana'a, muka ce ta cika mita. Da ta gaji ta kwashe kayanta, babu wanda ya iya buɗe baki ya ga laifinta.

Wata rana da rana tsaka telan da ke kusa da shi ya ji faɗuwar abu mai nauyi. Ya leƙa ya tarar da Kawu a ƙasa tsakanin kujeru biyu, leɓɓansa sun sauya launi. Allah ya sa da sauran kwana. A asibiti likita ya kira ni da Umma, mahaifiyata, bai yi mana kwana-kwana ba.

"Zuciyarsa ta rikice ta dawo," in ji shi. "Ba kullum take dawowa ba. Wannan abin ba ya ba da sanarwa. Zai iya shaƙa sau dubu ya tashi, zai iya shaƙa sau ɗaya shi ke nan. Yadda zuciyar nan take yanzu, ku ɗauka sau ɗayan ne ya rage."

Shi ya tura mu wurin nan, inda ake kula da masu fama da shaye-shaye. Ba kwantar da mutum suke yi ba, irin na jeka-ka-dawo ne: a kawo shi da safe, ya wuni ana duba shi, ana zama da shi, da la'asar a zo a ɗauke shi ya kwana a gida. Ranakun hutun mako kuma yana hannun 'yan'uwansa. Malamar da ke kula da rukuninsu, wata doguwa mai magana a hankali, ta ce rabin aikin nasu ne, rabi namu. Dole wani ya kawo shi, dole wani ya ɗauke shi, dole kuma a share gida.

Share gida kuwa ni aka samu. Na dawo da shi ɗakin baƙi na gidan Umma. Na shiga shagonsa na fito da gwangwanin gam ashirin da uku, shida da saura a ciki. Na zaro tsumma takwas daga cikin soso, biyu daga cikin tsohon takalminsa. A gida na kwashe man goge takalmi, da ragowar fenti, da man janareta, har da 'yar kwalbar goge farcen ƙanwata, tana ta masifa. Na sa wa shagon kwaɗo biyu, makullan suna ɗaure a wuyana. Na ce wa Umma, "An gama. Ko da fitila ya nema ba zai samu ba."

Umma ta ce, "Allah ya sa."

Kullum da safe nakan sa shi a gaban akori-kurata, kujerun haya suna ƙara a baya, in sauke shi a bakin ƙofa. Nan ake fara haɗuwa da Maigadi, wani dattijo mai ƙaton ciki wanda yake alfahari da cewa ya san kowa da abinsa. Ba ya ɓata lokaci. Mai Aski, ɗaya daga cikin 'yan rukuninsu, maganin tari ne matsalarsa, don haka shi kwalba ake nema a jakarsa. Direba, wani tsohon direban babbar mota da ba ya rufe baki, ƙwaya ce tasa, don haka Maigadi yakan bi ɗinkin hularsa da bakin wandonsa da yatsa, ya cire masa takalmi ya girgiza. Kawu kuwa ba a ma buɗe masa jaka sosai. Maigadi yakan matso ne ya shinshina aljihunsa da hannayensa.

"Malam, ni ba fure ba ne," Kawu yakan ce.

"Na sani. Da fure ne da ban sha wahala ba. Wuce."

Ni tsarin ya burge ni. Layi na tafiya da sauri, babu mai tsayuwa a rana. Na ma yaba masa.

A cikin rukunin suna da wata ɗabi'a tasu, ba likita ya kafa ta ba, waɗanda suka riga su ne suka bar musu. Duk wanda ya ɗan zauna ya samu ƙafa sai ya ba wurin abin da hannunsa ya iya. Mai Aski yana yi wa mazan aski a baranda. Wani mai walda da ya gama ya tafi shi ya gyara musu ƙofar banɗaki. Direba ya ce shi ba shi da abin bayarwa, sai dai in suna so ya tuƙa su duka ya zuba a rami. Ba a daɗe ba idanu suka koma kan Kawu, don kowa bayansa na ciwo.

Malama ba ta amince nan take ba. Ta kira ni muka zauna mu uku.

"Babu gam," in ji ta. "Ko ɗigo. In aikin ba zai yiwu ba sai da shi, mu ci gaba da zama a kan ramukanmu."

"Da zare aka koya mini," in ji Kawu. Shi ne karo na farko da na ga ya ɗaga kai tun fitowarsa daga asibiti.

Ni na kwaso soso da yadi daga shago, na shanya su a rana har sai da hancina ya daina jin komai a jikinsu. Aka ware masa wani ɗan sito a ƙarshen baranda don ajiye kayan aiki. Bayan azahar, lokacin aikin hannu, Malama takan ba shi makulli ya fito da kaya, ya yi aikinsa a baranda a gaban kowa, in ya gama ya mayar ya kulle.

Ɗaya ta gyaru. Sai uku. Sai biyar. Duk ranar da na zo ɗaukarsa sai na leƙa ɗakin na ƙirga, sannan in faki ido in sunkuya in shinshina sabuwar. Zare ne kawai da ƙamshin sabon yadi. Ɗinkin kuwa kamar an zana da biro. Mutane suka fara rigima a kan wa zai zauna a wacce. Kawu ya fara cin abinci, kumatunsa suka ɗan ciko.

Amma wasu abubuwa sun ƙi shiga lissafina.

Da farko sai na yi ta buga masa ƙofa kafin ya tashi. Yanzu kafin in fito yana tsaye a jikin mota, ya yi wanka, hula a kai. Umma ta ce alhamdulillahi, ya kamu da son wurin. Ranakun hutu kuwa sai ya zama wani mutum. Ba ya ci, ba ya zama, daga ƙofa zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofa. In an yi masa magana sai an maimaita. Na tambayi kaina, mutum yakan yi kewar da'irar kujeru haka? Na sake bincike ɗakinsa, na ɗaga katifa, na zazzage matashi. Babu komai. Gwajin da suke yi masa bai nuna komai ba. Hancin Maigadi bai ji komai ba.

Da kujeru suka kai tara, na zo da wuri na same shi a baranda yana yanka yadi. Yadin yana tauna, ba ya tafiya sumul yadda na saba gani. Na dubi almakashin. Bakinsa ɗaya ya ɗan lanƙwashe a tsini.

"Kawu, me ya samu almakashinka?"

"Faɗuwa ya yi."

"Faɗuwa?"

"Uwar Lissafi, yanzu har almakashi kike ƙirga wa haƙora? Je ki jira ni a mota."

Ya faɗa da wasa, amma bai dube ni ba. Na tafi da abin a raina. Almakashin da ya faɗi yakan dakushe ne. Wannan kuwa lanƙwasar da na sani ce, don na taɓa shan mari a kanta.

Ranar da ake tara 'yan'uwa, sau ɗaya a mako, na zo da Umma. Goma sha ɗaya sun gyaru. Saura ɗaya, wadda Kawu da kansa yake zama a kai, ita ce mafi lalacewa. Ba ta da igiyoyi a ƙasa kamar sauran, falan katako ne sumul, soson ya rabu da shi gaba ɗaya, babu inda allura za ta kama. Ko ni da ban iya aikin ba na san abin da irin wannan take buƙata. Ba ta cikin da'irar ranar nan. Kawu ma ba ya ciki. An ce ya shiga da ita sito ya duba ta, yanzu zai fito.

Ana raba shayi Direba yana ta zuba, ya miƙe ƙafa a kan sabuwar kujera kamar mai gidan.

"Hajiya," ya ce wa Umma, "ƙaninki gwani ne, amma a rubuta da ni a cikin ladan. Kullum cewa suke Direba ba ya tsinana komai. To wa ya kawo kayan aiki?"

"Ni na kawo," na ce. "Soso da yadi da zare."

"Ke kin kawo na mata. Ni na ga bawan Allah yana ta fama da allura kamar mai ɗinkin hula, yatsu duk sun fashe. Na ce wannan wahala har ina? Na samo masa gam, babban gwangwani, irin wanda muke liƙa kujerun mota da shi. Tun yana kan ta farko na ajiye masa a sito, bayan soso. Ban ma gaya wa kowa ba, alheri ba ya son talla."

Mai Aski ya ajiye kofinsa a hankali.

"Kai Direba," ya ce. "Kai wane irin jaki ne? Ka san me ya kawo shi nan?"

"Shaye-shaye mana, kamar kowa. Gam kuma ai ba…" Sai ya tsaya. Na ga maganar ta isa kansa a makare. A wurinsa abin tsoro a duniya ƙwaya ce, ita yake mafarki, ita yake gudu. Sau nawa Kawu ya faɗi nasa a da'irar nan, shi yana can yana kokawa da tasa, bai taɓa haɗa gwangwanin gyaran mota da abin da ake faɗa ba.

Maigadi yana bakin ƙofa da tiren shayi. "Na gan shi," ya ce. "Na ɗaga shi da hannuna na duba ƙarƙashinsa ko ya liƙa ƙwaya. Jakar Direba ce. Ban…"

Ban tsaya jin sauran ba. Barandar nan ba ta da tsawo, amma a ranar sai ta ƙi ƙarewa. Ina tafiya ina jan iska ta hanci, ina neman warin da na sani tun ina yarinya, ina roƙon kada in same shi. Ina jin takun Malama a bayana, tana ce wa wani ya kira likita. Ƙofar siton a rufe take. Babu motsi a ciki. Na tuna abin da telan ya ce, cewa shi faɗuwa kawai ya ji, babu kira, babu nishi.

Na tura ƙofar.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da soso. Kujerar tana kife a gabansa. Gwangwanin yana tsakanin gwiwoyinsa, almakashin a hannunsa na dama, tsininsa a ƙarƙashin bakin murfin. Gumi ya jiƙa masa riga har ciki. Idanunsa a buɗe suke, kuma nasa ne.

"Ban buɗe ba," ya ce.

Malama ta dafa kafaɗata, ta hana ni matsawa. Ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Na ji," ta ce. "Za ka iya ajiye almakashin?"

Bai ajiye ba. Na dubi murfin. An ɓamɓare bakinsa kaɗan-kaɗan, wuri-wuri, a zagaye, kowane wuri ɗan tabo kamar cizon ɓera. Ban yi niyya ba, idona ne ya ƙirga da kansa. Goma sha ɗaya. Ɗan abin da ya rage yana riƙe da murfin bai kai faɗin yatsa biyu ba.

"Duk wadda na gama," in ji Kawu, yana magana da gwangwanin, "sai in ce na yi ƙoƙari, bari in ɗan taɓa. Taɓawa kawai. Sai in mayar."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Kawu?" na ce.

"Za a kori Direba. Bai san ya yi ba." Ya dubi gwangwanin. "Ƙarya nake. Ba don Direba ba ne. In na faɗa ɗauke shi za ku yi. Ni kuma in na san yana nan, sai in iya tashi da safe."

Daga can ɗakin ina jin Umma tana salati ƙasa-ƙasa.

"Wannan ba za ta ɗinku ba," ya ce, ya nuna kujerar da haɓa. "Na juya ta ta ko'ina. Sai da shi."

"To a bar ta," in ji Malama.

"Ban taɓa barin kujera ba."

"Kawu," na ce, "ina da ɗari huɗu da sittin a gida. Gobe in kawo maka ɗaya."

"Ta roba?" Ya ɗago ya harare ni, harara ta gaske, irin ta da. "Ni? Allah ya sawwaƙe."

Na ga tsinin almakashin ya motsa a ƙarƙashin murfin. Sai ya zare shi a hankali, ya juya shi, ya miƙo mini ta wajen mariƙi, yadda ya koya mini ana miƙa almakashi. Gwangwanin kuwa bai iya miƙawa ba. Ya dai buɗe gwiwoyinsa ya kawar da kai, Malama ta sa hannu biyu ta ɗauke, ta danne murfin da tafinta har ta fita da shi.

Ba su kwantar da shi ba, tunda bai shaƙa ba, amma likita ya ƙara masa zaman da zai yi, sito kuma ba ya sake shiga shi kaɗai. Ba a kori Direba ba. Ya zo har mota yana kuka yana ba da haƙuri, Kawu ya ce masa, "Rufe mana baki, ka cika gari da ihu kamar an ƙwace maka lasisi." Maigadi yanzu kowace jaka juye ta yake yi a kan tebur, layi ya koma tafiyar hawainiya, ban kuma sake yaba wa kowa sauri ba. Kujerar an mayar da ita da'ira yadda take. A kanta Kawu yake zama, soson yana zamewa, shi yana gyarawa da hannu.

Da la'asar ɗin ranar na ɗauko su, Umma a tsakiya, shi a gefen taga. Shagon yana raina, da kwaɗona biyu, da ranar da za a sallame shi ya ce in ba shi makulli. Ban san me zan ce masa ba a ranar, har yanzu ban sani ba. Muna tafe idona yana kan gefen titi. Mai faci a bakin mahaɗa. Mai gyaran takalmi a ƙarƙashin bishiya. Shagon kayan gini, da wani irinsa a gabansa. Ban san leɓɓana suna motsi ba sai da ya yi magana.

"Uwar Lissafi."

"Na'am, Kawu."

"Wuraren da ake samunsa kike ƙirgawa, daga can zuwa gida?"

Na ce, "Bakwai."

Bai juyo ba. Yana kallon waje, iska tana kaɗa masa riga, ya dunƙule hannayensa biyu a tsakanin cinyoyinsa.

"Tara ne," ya ce. "Ɗaga gilashin."